Littafi na Uku: Tsadar Karatu da Zaman Iyali a Birnin Bauchi, Tare da Leƙen Abin da Italiya Ta Yi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda tsadar littafi ta shiga zaman iyali a birnin Bauchi. Ta kasa littattafan da ke shiga gida kashi uku: na makarantar boko, wanda makaranta ke tilasta saye, na addini, wanda imani ke sa a saya, da na uku, wanda babu mai tilasta shi, wato littafin labari da uwa ko uba ko yaya ke karanta wa yaro da Hausa a tsakar gida. Hujjar takardar ita ce, idan aljihu ya yi zafi na ukun ne ke fara faɗuwa, alhali shi ne ke sa yaro ya so karatu tun kafin a neme shi da shi. An bi sawun tsadar daga masana'antar takarda har zuwa kuɗin cefane, sannan an leƙa Italiya, ƙasar da ita ma ta sha fama da ƙarancin masu karatu, don a ga abin da zai iya tsira a ƙasar Bauchi da abin da ba zai tsira ba.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya zauna a majalisar magidanta a Bauchi cikin watan Satumba, ko a Jahun ne, ko Fadamar Mada, ko Yelwa, ya san hirar da ake yi. Wani zai zaro takarda daga aljihu ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce, "Alhaji, duba min jerin littattafan bana, ko idona ne?" Sai na kusa ya zaro tasa. A cikin gida ma hirar ke nan tsakanin mata, sai dai su lissafinsu ya fi zurfi, domin su suka san wane yaro ne aka koro jiya saboda ba shi da littafin lissafi, kuma su suka san abin da ya rage a buhun masara.

Na daɗe ina sauraren wannan hira, a matsayina na malami kuma uba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a duk tsawonta ba a ambaton littafin da yaro zai karanta don daɗi. Ana maganar littafin Turanci, na kimiyya, na Islamiyya. Littafin labari kuwa ko ƙorafin tsadarsa ba a yi, domin ya riga ya fita daga lissafi. Shi na kira littafi na uku, kuma a kansa wannan takarda ta tsaya. Ba binciken ƙidaya na gabatar ba. Na dogara ne da tarihin ɗab'in Hausa kamar yadda masana irin su Ibrahim Yaro Yahaya da Graham Furniss suka tsara shi, da alƙaluman da hukumomi suka riga suka bayyana, da kuma abin da ido ya gani a gidaje da makarantu.

2.0 Bauchi da littafi mai araha

Bauchi ba baƙuwar littafi ba ce. Wanda ya kafa birnin, Malam Yakubu ɗan Dadi, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, kuma da ilimi ya karɓi tuta. A zamanin boko, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa, Shaihu Umar, ɗan ƙasar Bauchi ne ya rubuta shi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, sakamakon gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Tare da shi aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A farkon shekarun 1940, a nan birnin ne Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suka riƙa haɗuwa a zauren tattaunawar da ya zama makarantar siyasar Arewa. Mutane ne da karatu ya gina.

Akwai abin da muke yawan tsallakewa idan muna ba da wannan tarihi. Littattafan da suka gina wancan zamani ba kasuwa ce ta haife su ba. Hukumar Talifi ta Zariya ta gwamnati ce. Jaridar da ta fara fitowa a Janairun 1939 ta ɗauki farashinta a cikin sunanta, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma kwabon nan bai isa ya biya takarda da tawada da albashin ma'aikata ba. Akwai mai cikawa. Haka kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, haka hukumar NORLA da ta cika Arewa da ƙananan littattafai a zamanin Yaƙi da Jahilci, wadda ta durƙushe a 1959 da nauyin kuɗi ya fi ƙarfinta. Kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya da ya gaje ta a 1966 shi ma haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnatin Arewa da kamfanin Macmillan. Saboda haka dattijon da ke cewa a zamaninsu kowane yaro ya karanta Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi gaskiya ya faɗa game da 'yan makaranta, amma ba don iyayen da sun fi na yanzu son littafi ba ne. Wani ne ya ɗauke musu nauyin.

Sau ɗaya kasuwa ta tsaya da ƙafarta, wato a zamanin abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, daga tsakiyar shekarun 1980. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun iso Bauchi ba tare da tallafin kowa ba, an saye su, an ba da hayarsu, an karanta su har bangonsu ya yage. Sai dai wannan adabi na 'yanmata ne da samari da matan aure. Bai yi wa yaro ɗan shekara biyar tanadi ba, kuma dalilin a fili yake: budurwa na iya tara kuɗin kanta ta sayi littafi, yaro kuwa ba shi da aljihu.

3.0 Inda tsadar ta fito

Littafi takarda ne kafin ya zama komai. Nijeriya ta gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, da niyyar ta wadata kanta. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 duk sun raunana ko sun tsaya, kuma sayar da su ga 'yan kasuwa bai mayar da su yadda aka so ba. Tun daga nan takardar ɗab'i da tawada da farantan buga littafi daga waje ake shigo da mafi yawansu, da dala. Wannan ne ya ɗaure farashin littafin ɗan aji ɗaya a Bakin Kura da kasuwar canji. Girgiza ta farko ta zo da shirin tattalin arziki na SAP na 1986. Ta baya-bayan nan ta zo a 2023: an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Zuwa Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40.

Dokar harajin VAT ta keɓe littattafai da kayan karatu, kuma wannan abin a yaba ne. Amma keɓewar ba ta sauke farashin takarda ba, ba ta kuma rage kuɗin mota ba. Manyan kamfanonin ɗab'in littattafan makaranta suna Ibadan da Legas ne, wasu ma a ƙasashen Asiya suke buga nasu. Kafin kwali ya sauka a kantin da ke kusa da Wunti ko Babbar Kasuwa, ya sha dizal na fiye da kilomita dubu. Mai kanti, wanda ya san littafin makaranta zai ƙare cikin makonni uku na farkon zango, ba zai zuba jarinsa a littafin labarin yara da zai shekara a kanta yana shan ƙura ba. Ban ga laifinsa ba.

Abin da na ga laifinsa shi ne salon littafin da ake rubuta amsa a cikinsa. A da, littafi ɗaya yakan bi ta hannun yaya da ƙane da ƙanen ƙane, a yi masa riga da takardar siminti, sunaye huɗu a jere a shafin farko. Yanzu an haɗe darasi da wurin amsa a littafi guda, yaro ya cike shi da biro, shekara na ƙarewa ya zama na ƙunshe ƙosai. Ga kuma sabon bugu da ake fitarwa a kai a kai, wanda bambancinsa da na bara bai wuce launin bango da lambar shafi ba. A ƙasar da mace ke haihuwar ɗa ɗaya ko biyu wannan ɓarna ce kawai. A Jihar Bauchi, inda binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwa ya ɗan haura 'ya'ya bakwai ga mace guda, wannan haraji ne da ake ɗora wa gida sau bakwai. A 2025 jihohi irin su Imo da Binuwai sun ɗauki matakin hana wannan salo, kuma ya dace Bauchi ta duba.

Mu yi ɗan lissafi na misali. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mu ƙaddara ma'aikaci yana da 'ya'ya biyar a makaranta, mu kuma ƙaddara littattafan kowane yaro ba su wuce naira 10,000 ba. Naira 50,000 ke nan, fiye da kashi biyu cikin uku na albashin wata, ban da kuɗin makaranta da yunifom da takalmi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, amma uban da ya kai ɗansa makarantar kuɗi saboda cunkoson ta gwamnati ya fita daga inuwar dokar, wanda ya bar shi a ta gwamnati kuma sau da yawa yakan tarar yara da yawa ne a kan littafi guda.

4.0 Yadda lissafin ke gudana a cikin gida

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne alƙaluma ba sa gani.

Littafin makaranta yana da ɗan sanda: malamin da zai kori yaro. Littafin addini yana da nasa mai tsaro, wanda ya fi ƙarfi. Uban da ba zai iya sayen nama ba zai saya wa ɗansa Juz'u Amma da Ahalari da Ishmawi, kuma zai same su da sauƙi a shimfiɗe a ƙofar masallacin Juma'a, ƙanana, marasa tsada, bugun da ya san aljihun mai saye. Ya kamata masu ɗab'in boko su je su yi karatu a gaban waɗannan 'yan kasuwa. Sun gane cewa littafi mai shafi talatin da biyu da ke biyo mutum inda yake taruwa ya fi littafi mai ƙyalli da ke jiransa a kanti. Wannan kuma ya rushe zancen da ake yawan yi cewa Bahaushe ba ya sayen littafi. Yana saye, idan ya ga dalili kuma farashin ya yi daidai da shi.

Littafi na uku ba shi da mai tsaro. Kuɗinsa daga cefane za a yanko, kuma babu uwar da za ta rage mai a miya don Gizo da Ƙoƙi. Akwai kuma wani abu da wanda bai san gidan Bahaushe ba ba zai lissafa ba, wato adalci tsakanin ɗakuna. Magidanci mai mata biyu ko uku ba ya shigowa da littafi guda ya miƙa wa ɗan ɗaki ɗaya. Ko ya saya wa kowane ɗaki, ko ya haƙura, kuma yawanci haƙurin ake yi. Tsire ana iya raba shi, littafi ba ya yankuwa. Na ga gidan da littafin hotuna guda ya jawo gaba ta mako biyu tsakanin kishiyoyi, har maigidan ya ɗauke shi ya kulle a durowa, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya sayo shi.

A da, gurbin wannan littafi tatsuniya ce ta cike shi. Bayan sallar isha kaka ko goggo ta tara jikoki a tabarma, kuma a wannan zama yaro ke koyon yadda labari ke farawa, yadda yake ɗaurewa, yadda yake warwarewa. Ibrahim Yaro Yahaya ya hango darajar wannan tun a farkon shekarun 1970 da ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni. Yau ma'aikacin da ke haya a Federal Low Cost ya bar kakar yaran a ƙauye ko a cikin gari, tabarmar kuma waya ta gaje ta. Ba na cikin masu zagin waya. Matan Bauchi suna cikin manyan masu karatun Hausa a yau, kuma a waya suke yi: suna biyan marubuta kuɗi su shiga zaurukan WhatsApp, suna sauraren littattafai a YouTube suna aikin gida, suna bin gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016. Ma'ana, a cikin gidan akwai mai iya karatu, mai son labari, mai ware kuɗin data dominsa. Abin da babu shi ne abin da za ta karanta wa ɗan da ke kan cinyarta.

Sakamakon yana bayyana a aji. Gwaje-gwajen karatun 'yan ƙananan azuzuwa da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013, da tallafin hukumar USAID, sun nuna mafi yawan yaran da aka gwada a azuzuwan farko ba su iya karanta kalma ko ɗaya ta Hausa ba, harshen da suke magana da shi tun daga goyo. Wannan ne ya haifar da shirin Mu Karanta, wanda ya samar da littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku tare da horar da malamai. Aiki ne mai kyau kuma ya taɓa yara masu yawa. Amma littafin aji ne, kuma na taɓa shiga wata makaranta na tarar da littattafan tallafi a ɗaure cikin kwali a ofishin hedimasta. Da na tambaya, sai ya ce, "Malam, in suka yage ni za a tambaya." Tsoronsa na gaskiya ne. Muddin ana ƙirga littafin yara kamar yadda ake ƙirga kujera, ba zai taɓa kwana a gida ba.

Nazarin da Mariah Evans da abokan aikinta suka wallafa a 2010, wanda ya shafi ƙasashe 27, ya gano cewa yaran da suka tashi a gida mai littattafai da yawa sukan yi kusan shekara uku a karatu fiye da waɗanda suka tashi a gidan da babu, ko da an daidaita ilimin iyaye da sana'arsu. Abin da ya fi shafarmu a ciki shi ne, amfanin ya fi girma a gidajen da iyaye ba su yi zurfin karatu ba, kuma littattafan farko da suka shiga gida su suka fi tasiri.

5.0 Leƙen Italiya

Me ya kawo Italiya cikin maganar Bauchi? Dalili biyu ne.

Na farko, Italiyawa mutane ne da suka san zaman baƙunta, har a ƙasarmu. Kamfanoninsu ne suka gina madatsar Kainji a shekarun 1960 da ta Bakolori a shekarun 1970, Fiat ta haɗa manyan motoci a Kano, kuma suna da makarantarsu a Legas mai sunan Enrico Mattei. Tun 1889 suka kafa ƙungiyar Dante Alighieri don kada 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura su rasa harshensu. Matsalar uba Ba'italiye a ƙasar waje sananniya ce: ɗansa yana karatu da wani harshe a makaranta, littafin yara na harshen gida kuwa babu shi a kantin unguwa, sai an yi oda an biya kuɗin jirgi, ko a jira mai zuwa daga gida. Da na yi tunani a kan wannan, sai na ga siffar uban Bauchi ce. Yana cikin garinsu, kowa a kan titi Hausa yake yi, amma idan ya fita neman littafin labarin yara na Hausa mai hotuna, wahalar da zai sha ba ta da nisa da ta baƙon. Wannan ya kamata ya dame mu.

Na biyu, Italiya ba ƙasar da kowa ke karatu ba ce. Ƙasar da ta haifi Pinocchio na Carlo Collodi, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a wata jaridar yara a 1881, ƙasar da ke karɓar baje-kolin littattafan yara mafi girma a duniya a birnin Bologna tun 1964, hukumar ƙididdigarta ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai na jama'arta ke karanta ko da littafi ɗaya a shekara don ra'ayin kansu. A kudancin ƙasar, inda talauci ya fi yawa, adadin bai kai ɗaya cikin uku ba. Su ma suna da tasu rabuwar arewa da kudu, sai dai tasu a kife take.

Matakan da suka ɗauka iri-iri ne. Harajin littafi kashi 4 ne cikin ɗari. Littattafan firamare kyauta ne, ƙaramar hukuma ke biya ta hanyar takardar shaida da iyaye ke kai wa kantin littattafai, wanda hakan ke raya mai kantin unguwa. A 2011 sun yi dokar da ta taƙaita rangwamen littafi zuwa kashi 15, a 2020 suka mayar da shi kashi 5, don kada manyan dillalai su kashe ƙananan kantuna. A 2016 suka fara bai wa matasa 'yan shekara 18 yuro 500 don sayen littattafai da makamantansu. Dokar rangwame ba ta da aiki a Bauchi, domin ba rangwame ne ke kashe kantunanmu ba. Yuro 500 kuwa ba mu da su.

Wanda ya dace da mu shi ne mafi arahar cikinsu. A 1999 ƙungiyar likitocin yara da ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu da wata cibiyar lafiyar yara da ke Trieste suka haɗu suka kafa shirin Nati per Leggere, ma'ana waɗanda aka haifa don su yi karatu. Sun ɗauki darasi daga shirin Reach Out and Read da ya fara a Boston ta Amurka a 1989 da Bookstart na Ingila na 1992. Tsarin ba shi da wuya: idan uwa ta kai jariri wurin likita, likitan zai yi mata maganar karanta wa yaro labari kamar yadda yake mata maganar shayarwa, a wurare da yawa a ba ta littafi, a nuna mata hanyar laburare, masu sa kai kuma su riƙa karanta wa yara a ɗakin jira. Hikimar ita ce sun samar wa littafi na uku mai tsaro, kuma sun zaɓi mutumin da uwa ke jin maganarsa.

6.0 Abin da zai iya tsira a Bauchi

Ba mu da likitan yara ga kowane gida kamar Italiya, amma muna da layin awo da na rigakafi. Uwar da ke bin jadawali takan kai jariri bayan haihuwa, da mako shida, da goma, da sha huɗu, da wata tara, da wata goma sha biyar. Zama ne na sa'o'i a kan benci, ana jiran kira, kuma dama akwai jawabin lafiya da ma'aikaciya ke yi kafin a fara allura. Littafin hotuna mai shafi goma sha shida da za a miƙa wa uwa ranar allurar wata tara zai shiga gida ta hannunta, a matsayin haƙƙin ɗanta, ba tsarabar maigida ba, don haka bai shiga rabon ɗakuna ba: kowace mai jego za ta karɓi nata a ranarta. Ina kuma zaton zai ƙara wa wasu matan dalilin komawa su ƙarasa rigakafin, kodayake wannan sai an gwada an auna.

Hanya ta biyu ita ce Islamiyyar matan aure, kuma a nan ba Italiya muke kwaikwaya ba, kanmu muke tunawa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru: matan da ake kira jaji suna ɗaukar rubutattun waƙoƙin ilimi daga hannunta su kai wa matan ƙauyuka. Akwatin aro mai littattafai hamsin a hannun malama, uwa ta ɗauka ranar Asabar ta mayar wata Asabar, tsari ne da matan Bauchi suka riga suka sani daga hayar littattafan soyayya, kuma ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN suna da rassan da za su iya riƙe shi. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta tun farko cewa littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa, ba za a ci tarar kowa ba.

Abin bugawa ma ba daga sifili za a fara ba. Rumbunan African Storybook da StoryWeaver da Bloom suna ɗauke da labaran yara na Hausa da lasisinsu ya yarda a sauke a buga kyauta, abin da ya rage kuɗin takarda ne. Sai dai a nan ina da gargaɗi. Da yawa daga cikinsu fassara ce, wasu Hausarsu ba ta zauna ba, hotunan kuma na wata ƙasa ne. Yaron Ƙofar Ran ya cancanci ya buɗe littafi ya ga dutsen da ya sani, da giwayen Yankari, da mai fura, da hawan sallah a ƙofar fada. Ɗan Bagere da ɗan Bajari da ɗan Basayi da ɗan Bafulatani da ke cikin birnin nan su ma suna da haƙƙi, domin abin da Turanci ke yi wa Hausa a aji shi Hausa ke yi wa harsunansu a tsakar gida, kuma Geranci ya riga ya yi nisa a wannan hanya.

Wa zai rubuta? Marubutan suna nan, mafi yawansu mata, suna rubuta shafuka ɗaruruwa a waya duk wata ga masu biyansu. Ba su rubuta wa yara ba ne saboda babu mai saye. Idan Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha ko Hukumar Ɗakunan Karatu ta yi alkawarin sayen kwafi dubu ashirin na duk littafin yara da ya tsallake tantancewa, ta biya marubuci da mai zane, ta bar wa maɗaba'un cikin gari aikin bugawa, to an maimaita abin da aka yi a 1933, lokacin da gasa guda ta fito da Shaihu Umar. Sassan Hausa na Jami'ar Sa'adu Zungur da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare za su iya ɗaukar tantance harshe da daidaita kalmomi da shekarun yaro. Kafin nan, aikin da ke kanmu mu manazarta shi ne mu shiga gidaje a unguwanni uku ko huɗu na birnin nan, mu ƙirga littattafan da ke ciki kashi uku kamar yadda na kasa su, mu rubuta farashin kowanne da wanda ya biya, domin kwamishina ba zai sa hannu a kan abin da malami ya gani a majalisa ba.